Sabuwar unguwa mai fuloti 600 a gefen Kaduna: ina ruwan zai fito, ina kuma zai tafi?

Mai Tsara Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masana a cikinmu su sa baki. Duk wanda ya bi hanyar Millennium City, ko bayan Rigasa, ko Rigachikun, ko Mararrabar Rido, ya ga yadda gari ke cinye gonaki. Dillali ya sayi gona, safiyo ya yanka ta ƙafa 50 da 100, a bar layi mai ƙafa 20, a kafa turaku, a sayar. Ko taku ɗaya ba a ware wa tankin ruwa ba, balle wurin da ruwan ƙazanta zai tafi. Alhali garin nan da tsari aka kafa shi tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma tsarin da Max Lock, Baturen Birtaniya mai tsara gari, ya yi a 1967 ya hango shekara 50 gaba. Yau gini ya riga taswira gudu.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: gona da za a yanka fuloti 600, ba a sayar da ko ɗaya ba tukuna. Ruwa nawa za ta sha, daga ina, kuma fili nawa ya kamata a hana sayarwa?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da kawunan mutane, don fuloti ba ya shan ruwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a lissafa mutum 6 a gida. A unguwannin gefen gari fuloti ɗaya kan zama gidan haya mai ɗaki takwas, ko a raba shi biyu a sayar da rabi. Ni zan sa mutum 12. Fuloti 600 sau 12, mutum 7,200 ke nan idan unguwa ta cika.

Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta sa lita 120 ga mutum a rana a birni, 60 a ƙaramin gari, 30 a karkara. Ga unguwar da yawancin gidaje fanfo ɗaya ne a tsakar gida, lita 80 ta yi. Lita 576,000 ke nan. A ƙara kashi 10 cikin 100 na masallatai, makarantu, asibiti da masu wankin mota, ya kai kusan 634,000. Sai yoyo: ko sabon layi ne a bar masa kashi 20 cikin 100. An tashi a kusan lita 800,000 a rana, wato kubik 800.

Amma ba da wannan adadi ake zaɓar bututu ba. Idan aka raba shi a kan awa 24, lita 9 da ɗoriya ce a sakan. Jama'a kuwa ba haka suke ɗiba ba. Daga asuba zuwa ƙarfe takwas kowa na alwala, wanka, shirin makaranta da ɗora tukunya. A wannan lokaci buƙata kan ninka sau biyu da rabi, lita 23 a sakan. Wannan ne adadin da babban bututu zai ɗauka.

Mai Haƙar Burtsatse:
Injiniya, lissafinka ya yi, to amma ruwan daga ina? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, layin KADSWAC, hukumar ruwa ta jihar Kaduna, bai kai irin waɗannan unguwanni ba, kuma mai gini ba zai jira ba. Burtsatse ce za ta ɗauki nauyin, ko mun so ko mun ƙi.

Sai dai in faɗi abin da ƙasar Kaduna take iya bayarwa. Ƙarƙashinmu dutse ne, ba irin yashin yankin Chadi ko Sakkwato ba da ruwa ke kwance shimfiɗe. A nan ruwa na zama a wuri biyu kawai: a ruɓaɓɓen dutsen da ke saman, da kuma cikin tsagar dutsen. Shi ya sa za ka ga gida ya samu ruwa mai kyau, maƙwabcinsa ya haƙa ya tarar da ƙura. Rijiyar da ta ba da lita 1 a sakan rijiya ce ta kirki a wannan ƙasa, da yawa ba sa kai haka. Zurfafawa kuma ba ta ƙara ruwa idan an shiga dutse mara tsaga, kuɗin mita kawai ake ƙarawa.

Injiniyan Ruwa:
To ka ba mu amsar da kanka. Lita 1 a sakan, in sumo, injin da ake jefawa cikin rijiya ya turo ruwa, ya yi awa 16, lita 57,600 ce. Rijiya 14 ke nan kafin a kai 800,000. In da sola ce kaɗai, mai aikin awa 6 na rana mai ƙarfi, lita 21,600 kowace rijiya, ana neman 37. Rijiya 37 a cikin gona ɗaya daga tukunya ɗaya za su riƙa sha, kowace na janye wa 'yar uwarta. Zuwa watan Maris da Afrilu sai a ga sumo na jan iska yana ƙonewa.

Saboda haka burtsatse ta riƙe unguwa a shekarun farko, lokacin da gidaje 100 ko 150 ne. Ruwan mutum 7,200 daga kogi zai fito. Kogin Kaduna na nan, matatar Malali na nan, madatsar Kangimi an yi ta ne don ta tallafa wa kogin da rani. Abin da ke hannun mai yanka fili shi ne ya shimfiɗa layin da ranar da babban bututun gwamnati ya iso, haɗawa kawai za a yi.

Mai Haƙar Burtsatse:
Na yarda da rabin maganar. Amma in za a dogara da burtsatse ko na shekara biyar ne, a yi ta yadda ya kamata. A fara da awon ƙasa na lantarki a duk faɗin gonar, kafin safiyo ya kafa turaku, a ware wuraren da suka nuna tsaga. Abin da ake yi yanzu shi ne a sayar da komai, sannan a ce mai haƙa ya nemo ruwa a ɗan lungun da ya rage.

Bayan haƙa, abu uku ake ha'inci a kansu. Tsakuwar da ake zubawa gefen kesin, wato bututun da ake zurawa ya riƙe ramin rijiya, sai a zuba wadda ba a tankaɗe ba, rijiya ta yi ta kawo yashi yana cin sumo. Simintin toshe saman rijiya, mita 5 zuwa 6 na farko, wanda ke hana ruwan kwata gangarawa ta jikin kesin, wannan kusan kullum tsallake shi ake yi tunda ba mai gani. Sai gwajin ja: a kunna awa 24 aƙalla ba tsayawa, ana auna yadda ruwan ke sauka, a kashe a auna yadda yake dawowa. Da sakamakon ake zaɓar sumo. Wanda ya sayi sumo mai ƙarfin doki biyu ya jefa a rijiyar da ƙarfinta na rabin doki ne, cikin minti 20 zai ƙafar da ita.

Hajiya Ɗakin Gwaji:
Ku yi haƙuri in katse ku. Kuna ta maganar yawan ruwa, ni damuwata abin da ke cikinsa. Ku ɗauki awon fulotin nan: ƙafa 50 da 100 mita 15 da 30 ne. Ƙa'ida ta ce tsakanin rijiya da sokawe a bar mita 30. Ko ka sa rijiya a wannan kusurwa, sokawe a waccan, da ƙyar ka samu 33. To sokawen maƙwabcinka fa, wanda ya haƙa jikin katangarka, taku huɗu daga rijiyarka? In rabin fuloti ne ma babu zancen. Gida 600, kowa da rijiyarsa, kowa da sokawensa, lissafin ba ya fita ko ta ina aka juya shi.

Abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa. Shekarun farko ruwa garau. Unguwa na cika, sai sinadarin naitiret ya fara hawa. Iyakarsa a ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya miligiram 50 ne a lita. Ba shi da wari, ba shi da launi, kilorin ba ya taɓa shi, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da irin ruwan su ne cikin haɗari, don yana hana jininsu ɗaukar iska. Sai ƙwayar E. coli, alamar kashi ya shiga ruwa, wadda bai kamata a samu ko ɗaya a mililita 100 ba. Kada mu manta 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 3,000, kuma jihohinmu na Arewa ne suka fi jin jiki.

Duba-Gari:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Duk lita 100 da ta shiga gida, kusan 80 za ta fito da datti. A misalin Injiniya, kubik 500 ne kullum. Wanda ya kawo wa unguwa ruwa bai tanadi mafitarsa ba, ya kawo mata kwata da sauro.

Baba Fulamba:
'Ya'yana, bari in koma kan bututu kafin a wuce shi, don nan ake asarar kuɗi. Injiniya, faɗa musu abin da inci 4 zai yi da lita 23 ɗin nan, don shi kowa ke saye yana cewa ya sa babban bututu.

Injiniyan Ruwa:
Baba, ka kawo tambaya mai kyau. Mu ɗauki baƙin bututun roba na HDPE mai PN10, wato mai jure firesha ta tsayin ruwa kusan mita 100. Mai milimita 110, wanda ake kira inci 4, in aka tura masa lita 23 a sakan, zai cinye firesha ta kusan mita 90 a kowace kilomita. Tankin da ke kan ƙarfe mita 12 ba shi da abin da zai biya wannan, ruwa ba zai wuce layukan farko ba. Mai 160 yana cin kusan mita 15 a kilomita. Mai 200 kusan mita 5 kawai, gudun ruwan cikinsa kuma ɗan ƙasa da mita 1 a sakan, daidai yadda ake so. Ƙarin faɗi kaɗan, bambanci mai yawa. Saboda haka babban layi daga tanki 200, rassan zobe 110, cikin lunguna 63. Manufa ita ce gidan da ya fi nisa kuma ya fi tudu ya samu firesha ta mita 10 a ƙofarsa da ƙarfe bakwai na safe.

Ajiya kuma, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin buƙatar yini, kubik 300 zuwa 400. Kada a ce duka za a ɗaga sama. Kubik 300 tan 300 ne, ƙarfen da zai ɗauke shi ya fi ƙarfin unguwa. A yi na ƙasa na kankare, mita 10 da 10 da zurfin 3, a ɗora ƙarami mai kubik 60 zuwa 100 a sama, injin turi biyu a tsakaninsu, ɗaya na aiki ɗaya na hutu. Wurin ya zama mafi tudu a gonar, fuloti biyu. Kuma wannan tudun shi ne dillali ke fara sayarwa da tsada.

Baba Fulamba:
Madalla. Ga nawa kuma, na cikin rami. Zurfi mita 1 a inda mota ke bi, don tifar yashi ba ta san akwai bututu ba. A shimfiɗa yashi mai laushi kamar faɗin tafin hannu a ƙasa, a rufe shi da yashi, sannan a mayar da ƙasa. In aka kwantar da bututu kan marmara kai tsaye, tsinin dutse ɗaya ya isa, shekara biyu zai huda shi. Duk gwiwa da duk ti, wato haɗi mai baki uku, a babban layi a zuba mata kankare ta baya ta tokare, in ba haka ba ranar da aka buɗe ruwa da ƙarfi haɗin zai zame. PVC kuma kada a bar shi a rana, yana ƙonewa ya yi ƙamas, ka taɓa ya tsage.

Layi ya zama zobe, ruwa na shigowa ta gefe biyu. Layin da ya je ya tsaya a toshe, laka na taruwa a ƙarshensa, gidan ƙarshe kullum jan ruwa suke sha. A sa bawul a kowace mahaɗa domin in wuri ya fashe a rufe layi ɗaya, sauran unguwa na shan ruwa. A kan tudu bawul ɗin fitar da iska, a kwari na wanke layi. Kafin a rufe rami a yi gwajin firesha, ninki ɗaya da rabi na abin da layin zai ɗauka, ana bin haɗi ɗaya bayan ɗaya da ido.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bututun gida a cikin kwata. Ku shiga tsofaffin unguwanni ku duba lambatu, za ku ga 'yan siraran bututu goma sha suna kwance cikin baƙin ruwa, an ɗaure inda ya fashe da robar tayar keke. Wannan aikin ganganci ne.

Hajiya Ɗakin Gwaji:
Baba, kuma ga dalilin da ya sa yake kisa. Muddin akwai ruwa a layi, firesha waje take turawa, datti ba ya shiga. Da an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan robar. Masu sa injin ja kai tsaye a layi suna ƙara zuƙowar. Ruwan farko da ya zo bayan ɗaukewa shi ne mafi haɗari, kuma shi ake rige-rigen tara.

Kilorin ma a yi shi da awo. Ga kubik 800, in ana zuba miligiram 2 a lita, kilo 1.6 na kilorin ake so. Garin kilorin da ake kira HTH ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 ne, saboda haka kusan kilo 2.5 a rana. A jiƙa shi, a bar farin gari ya kwanta, ruwan saman ake ɗigawa a tankin ƙasa, ya samu minti 30 kafin ya fita. Ana auna ragowar kilorin da ƙwayar gwaji ta DPD a fanfon ƙarshe, a ga miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. In babu komai a can, ko layi na yoyo ko datti na shiga. In ruwan ya yi gurɓi sama da 5 a ma'aunin gurɓin ruwa, kilorin ba ya cin ƙwayoyin da suka laɓe cikin lakar, sai an tace tukuna. Ruwan burtsatsen wasu wurare kuma yana da ƙarfe sama da miligiram 0.3 a lita, shi ke sa farin kaya ja, yana so a watsa shi cikin iska a tace da yashi.

Mai Tsara Gari:
To mun samu fuloti biyu na tanki da 'yan wuraren rijiya. Mu dawo kan kubik 500 na Duba-Gari. Sokawe ko bututu?

Duba-Gari:
Ni dai sokawe, amma na gaskiya. Bututun ƙazanta na gari guda irin wanda ke kai wa matatar Wupa a Abuja yana son kuɗi da wuta da ruwa mara yankewa. Mu fara gyara abin da kowa ke ginawa.

Abin da muke kira sokawe abu biyu ne da aka haɗe wa suna: tankin da ke riƙe kashi, da ramin da ke shanye ruwan. Birkiloli da yawa rami ɗaya suke yi, su bar ƙasansa ba siminti wai don kada ya cika. Wannan masai ne mai zurfi, kai tsaye yake zuba wa ruwan ƙasa. Na mutum 12 ga yadda yake: ruwan kwana biyu kubik 1.5, laka lita 40 ga mutum a shekara, na shekara uku kusan 1.5, jimla kubik 3. Tsawo mita 2.4, faɗi 1, zurfin ruwa 1.3, a bar santimita 30 a sama. Ɗaki biyu, na farko kashi biyu cikin uku. Filasta ciki da ƙasa, a cika shi da ruwa a kwana a ga bai ragu ba. Mashiga da mafita duka da ti, mafita ta yi ƙasa da mashiga da santimita 7 ko 8. Tin nan ta mafita ita ke hana kitse da kumfa wucewa. In babu ita, ramin shanyewa zai toshe cikin 'yan shekaru, mai gida ya fasa ya saki a kwata da dare.

Ramin shanyewa kuma sai an gwada ƙasa. A haƙa ɗan rami santimita 30 ta kowane gefe a zurfin da za a yi aikin, a jiƙa shi ya kwana, da safe a cika a duba agogo. In ruwan ya ɗauki fiye da awa guda bai sauka santimita 2.5 ba, yumɓu ne, ba zai sha ba. Ƙasan ramin kuma ya fi ruwan ƙasa na watan Agusta da mita 1.5 aƙalla. Wanda ya auna da rani ya yaudari kansa.

Injiniyan Ruwa:
Malam Duba-Gari, a nan zan saɓa maka. Tankinka daidai ne, amma ko an gina shi ba kuskure, ruwan da ke fita daga cikinsa bai tsarkaka ba. Laka kawai ya bari, naitiret da ƙwayoyin cuta na nan. Kubik 500 kullum cikin ƙasar da rijiyoyin unguwa ke sha, maganar Hajiya ba ta kau ba. Ga kuma gefen fadama da bakin rafi, inda da damina ruwa ke tasowa kusan gwiwa, a can ramin shanyewa ba ya aiki sam.

Akwai hanya tsakanin sokawe da irin na Abuja. A Brazil tun shekarun 1980 suke shimfiɗa ƙaramin bututu mai milimita 100, ba zurfi, ta bayan gidaje, da gangaren 1 cikin 200, wato santimita 50 a kowace mita 100. A Orangi ta Karachi mazauna lungu ne da kansu suka haɗa kuɗi suka shimfiɗa na lungunansu. Ba ya son wuta muddin an bi gangaren ƙasa. Abin da yake so shi ne a bar masa hanya, ko mita 2 ce tsakanin bayan gida da bayan gida, da ɗakin dubawa a kowace kwana.

Ƙarshensa kududdufan tacewa, irin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ke da su a Samaru. Rana da iska da gansakuka ke yin aikin. Ga lissafi. Dattin mutum ɗaya a ma'aunin BOD, wato iskar da ake buƙata kafin dattin ya ruɓe, kusan giram 40 ne a rana, na 7,200 kilo 288. Da sanyin hunturu ake lissafi, a ce digiri 20, don lokacin ne ƙwayoyin da ke cinye dattin ke kasala. Kududdufin farko mai zurfin mita 3 yana ɗaukar giram 300 a kubik a rana, kubik 960 ke nan, yana cinye kashi 60 cikin 100. Ragowar kilo 115 ta shiga na biyu mai zurfin mita 1.5, wanda ke ɗaukar kusan kilo 250 a hekta a rana, ƙasa kaɗan da rabin hekta. Sai biyu na ƙarshe marasa zurfi, kwana biyar biyar, inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta, su ma kusan hekta 0.4. Da ganuwa da hanyar mota, hekta ɗaya da rabi. Fuloti 33, a wuri mafi kwari, nesa da gidaje da 'yan ɗaruruwan mita, a kewaye da waya saboda yara.

Duba-Gari:
Fuloti 33! Wane dillali ne zai bar wannan?

Ga kuma abin da ka tsallake. Bututu mai 100 yana son ruwa ya riƙa bi kullum. A gidan da ake sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, ana zuba buta ɗaya a masai, kashi zai tsaya a hanya. Ƙara da leda, da ƙunzugun yara, da yashin wanke tukunya da toka. Ranar da ya toshe, wa za a kira, wa zai biya?

Injiniyan Ruwa:
Gaskiyarka, shi ya sa ba a ranar farko za a shimfiɗa shi ba. Gidajen farko su yi tankinka. Sa'ad da ruwan fanfo ya zauna, unguwa ta kai rabi, sai a toshe ramukan shanyewa a haɗa mafitar tankunan da bututu. Tunda laka da leda sun tsaya a tanki, ruwa zalla ne ke tafiya, toshewa ta ragu ƙwarai. Amma hanyar bututun da filin kududdufi yau za a ware su. Bututu ana iya sayensa bayan shekara goma. Kwarin da aka riga aka gina gida 33 a kai, sai da rusau da diyya da kotu.

Mai Tsara Gari:
Nan ne aikinmu yake. Tanki 2, kududdufai 33, wuraren rijiya da na shanya laka a ce 5. Fuloti 40 cikin 600, bai kai kashi 7 cikin 100 ba. In aka raba kuɗinsu a kan 560 da suka rage, mai saye zai ji ƙarin, amma bai kai kuɗin burtsatsen da zai haƙa shi kaɗai ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ke amincewa da tsarin yanka, KADGIS, hukumar rajistar filaye, ke ba da takarda. Abin da nake so in gani shi ne kada a sa hannu a taswirar da ba ta nuna tudun tanki, hanyar bututu da kwarin tacewa ba, kuma filayen nan a yi musu takarda da sunan amfanin jama'a. In an bar su a baki kawai, bayan shekara biyar za a wayi gari an zuba bulo. Masu unguwanni da dagatai su ma a nuna musu taswirar, don su ne ke shaidar ciniki tun kafin magana ta kai ofis.

Kwarin nan ma ba asara ba ce gare shi. Shi ne wurin da ruwa ke kwanciya da damina, wanda ya gina a can shi ke kwashe kaya a watan Satumba.

Hajiya Ɗakin Gwaji:
Ruwan da ya fito daga kududdufin ƙarshe 'yan lambu za su so shi da rani, kuma ya fi wanda wasu ke ja yanzu daga magudanan da ke gangarowa kogi. Sharaɗi dai a auna. Ga ganyen da ake ci ɗanye, irin su latas da kabeji, tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce ƙwayoyin kashi kada su wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsar ciki kada ya wuce ɗaya a lita. Ruwan masana'anta da na masu rini da baƙin man gareji kuwa kada a bari su shiga layin, suna kashe kududdufi.

Duba-Gari:
Saura laka, wadda kowa ke kau da kai. Mutum 7,200 sau lita 40, kubik 288 a shekara, ban da ruwan da mota ke zuƙowa tare da ita. In ba a ba motar kwasa wurin juyewa kusa ba, rafi ko gonar wani za ta nufa da dare. Gadon shanya ba wuya: tsakuwa a ƙasa da bututu mai huji, yashi santimita 20 a sama, a zuba laka kaurin santimita 20 zuwa 30, da rani mako biyu zuwa uku ta bushe, ruwan da ya tsane ya koma kududdufin farko. Da damina sai an yi rumfa. Busasshiyar a tara ta ta ƙara watanni kafin ta je gona, ƙwan tsutsa na da taurin rai.

A yashe tanki in laka ta kai rabi, kada a jira ya dawo cikin bayi. Kuma don Allah kada a bar yaro ya shiga ciki da bokiti. Iskar da ke ciki na kayar da mutum cikin 'yan sakanni, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi.

Baba Fulamba:
Tunda an zo kan mota, a gaya wa masu gini su daina kai tanki can ƙuryar gida bayan kicin, su kuma daina shafe murfin da tayil. Tiyon motar yana da iyaka, in ya yi nisa ƙarfin zuƙa na raguwa, ruwan sama kawai zai kwashe ya bar lakar. A yi shi kusa da ƙofa, murfi biyu, ɗaya kan kowane ɗaki, a bar su a fili. Layin unguwa kuma in ƙafa 20 ne, an ci gefe da dakali da kwata, motar ba za ta shiga ba.

Malam Mai Tsara Gari, ƙara wannan a taswirarka: kafin a zuba kwalta ko a gina kwalbati, a binne bututun banza mai faɗi a gicciye a kowace mahaɗa, biyu biyu, a toshe bakinsu, a kafa ɗan dutsen alama. Ɗaya na ruwan sha a sama, na ƙazanta a ƙasa da shi da kusan rabin mita. A zana inda suke a takarda, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya wurin mai unguwa, don fulamban da ya binne su ba lallai yana nan ba ranar da za a nema.